Wa ya kamata ya rera Kaisar?

Wani mai rahoto ya ce ba wa mace matsayin jarumi namiji a operar (wasan kwaikwayo na waƙa) da mawallafin kiɗa Handel ya rubuta ɓata tarihi ne. Ban yarda ba. A operarsa Giulio Cesare (labarin Julius Kaisar) ta 1724 a Landan, Senesino, wanda aka dandaƙe tun yana yaro don muryarsa ta zauna siririya, shi ya rera Kaisar, amma Sesto, ɗan Pompey, mace ce ta rera shi, Margherita Durastanti. Handel da kansa ya zaɓe ta.

Abin dubawa shi ne inda waƙar ta fi zama. Waƙoƙin Senesino suna yawan sauka ƙasa, daidai inda siririyar muryar kawuntatena (namiji mai rera waƙa da murya irin ta mace) ke raunana, sai kayan kiɗa su danne shi, musamman in an kunna su a ma'aunin tsayin sauti na 415 maimakon 440, wanda ke ƙara saukar da komai da rabin mataki. Mace mai kaurin murya ta fi riƙe wurin.

Mafi muni kuwa a sauke waƙar da oktab guda (tazarar sauti takwas) a ba namiji mai kaurin murya. Takan kutsa cikin layin bas (sautin kiɗa mafi kauri), saurin juyin murya ya dagule, kuma a waƙar Kaisar da Kiliyofatira muryoyin da aka rubuta kusa da juna sai su yi nisa.