Azumin ya tafi, shagalin ya tsaya

A ƙasar Japan, Kiristoci kusan kashi 1 ne cikin 100 na jama'a, kuma 25 ga Disamba ba ranar hutu ba ce, kowa yana wurin aikinsa. Amma shiga Tokyo a ƙarshen shekara ka sha kallo. Tituna sun sha fitilu, shaguna sun kafa bishiyoyin Kirsimeti, sannan da daren 24 ga wata ga layi a ƙofar KFC, mutane sun ƙudundune cikin rigunan sanyi suna jiran soyayyun kajin da wasunsu suka yi oda tun makonni kafin ranar. A 1974 kamfanin ya fara tallan cewa Kirsimeti sai da kajinsa. Tallan ya shiga, har 'ya'ya suka gada. Daren kuma na masoya ne, saurayi ya ɗauki budurwarsa su fita cin abinci. Yawancin masu tsayuwa a layin nan ba abin da ya haɗa su da coci.

Da an kawo irin wannan labari sai ka ji an ce 'yan kasuwa ne suka sace bikin, ko kuma makircin maƙiya addini ne. Ni dai wannan bayani bai ishe ni ba. Kowane bikin addini yana tafe da kaya iri biyu. Akwai mai nauyi, wato azumi, raya dare, tuba, da kyautar da ke taɓa aljihu. Akwai kuma mai daɗi: ci da sha, sabon kaya, fitilu, kiɗa, ziyara. Masu bikin da kansu ne ke fara sauke mai nauyin, kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, ba tare da wani ya yi shela ba. Ɗan kasuwa daga baya yake isowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɗauki Kanibal na birnin Rio a Brazil. Asalinsa share fagen azumi ne. Mabiya ɗarikar Katolika suna da azumin kwana 40 kafin Ista, to kafin a shiga sai a ci a sha, a ƙarar da nama da maiƙon da za a ƙaurace wa. Ma'anar shagalin kaf tana rataye ne da yunwar da ke biye da shi. Yau fa? A 1984 an gina wa faretin fili na musamman mai ɗaukar dubun dubatar 'yan kallo, ana sayar da tikiti, baƙi na tahowa daga kowace nahiya. Da yawansu za su hau jirgi su koma gida ba su ma san washegari ake shiga azumi ba.

Hijira ma tana nata aikin. Ranar Waliyyi Patrick, 17 ga Maris, a ƙasar Ireland ranar zuwa coci ce, har doka ta yi shekaru da dama a ƙarni na 20 tana rufe mashaya a wannan rana. 'Yan ƙasar da suka yi ƙaura zuwa Amurka su ne suka mayar da ita ranar nuna asali, a fito fareti a ce ga mu nan, muna da yawa. Tun 1962 ake rina kogin Chicago ya koma kore saboda ita. Ranar da a da ake kulle mashaya dominta ta koma ɗaya daga cikin ranakun da giya ta fi tafiya. Mutum a baƙuwar ƙasa yakan riƙe biki don kada ya ɓace cikin jama'a, jikansa kuma ya taso ya tarar da tuta da launi, addu'ar ta tsaya a hanya.

Gwamnatoci kuwa da wayo suke shigowa, don sun gane doka ba ta kashe biki. Uruguay a 1919, bayan ta raba addini da mulki, ba ta soke hutun Kirsimeti ba. A takarda sai ta mayar da shi Ranar Iyali, makon Ista kuma ya zama Makon Yawon Buɗe Ido. Tarayyar Sobiyet ta hana bishiyar Kirsimeti a ƙarshen shekarun 1920, amma a 1935 ta dawo da ita a matsayin bishiyar Sabuwar Shekara, aka ɗora mata jan tauraro a kai. Har gobe a Rasha daren Sabuwar Shekara ne babban dare, ya sha gaban Kirsimetin 7 ga Janairu. A Amurka, shugaba Roosevelt ya matso da Ranar Godiya baya da mako guda a 1939, bisa roƙon masu manyan shaguna, don a samu ƙarin kwanakin sayayya kafin Kirsimeti. Ranar da aka ware don gode wa Allah ke nan aka gusar saboda ciniki, kuma ba a ɓoye dalilin ba.

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Anna Jarvis. Ita ta assasa Ranar Uwa, kuma a cikin coci aka fara, a garin Grafton na jihar West Virginia a 1908, don tunawa da mahaifiyarta. Ta aika da fararen furanni 500 aka raba wa mahalarta. Burinta shi ne kowa ya je ya ga uwarsa, ko ya zauna ya rubuta mata wasiƙa da hannunsa. A 1914 shugaba Wilson ya sa hannu ranar ta zama ta ƙasa. Ba a jima ba masu furanni da masu buga kati da masu alawa suka yi mata caa. Matar nan ta ƙarar da sauran rayuwarta da dukiyarta tana yaƙar abin da ta haifa, har an taɓa kama ta saboda ta tada hayaniya a wani taro inda ake sayar da furannin. A ganinta, wanda ya sayi bugaggen kati ya sa hannu kawai rago ne. Ta rasu a 1948 ba ta da komai. Amma a lura, masu katin ba su tilasta wa kowa ba. Sun dai fahimci cewa sayen kati ya fi rubuta wasiƙa sauƙi, kuma mutane sun yarda da su.

Kada a ɗauka ina cewa murna ce matsalar. An gwada wannan hanya. A 1647 majalisar Ingila, lokacin tana hannun masu tsauraran ra'ayin addini, ta haramta bikin Kirsimeti saboda shaye-shaye da sharholiya sun yi yawa. Jama'a suka yi bore a Canterbury, hanin kuma ya rushe da dawowar sarauta a 1660. Biki dai ba zaman makoki ba ne. A Musulunci ma, Annabi (SAW) ya bar 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi, kuma ya siffanta kwanakin da ke bin Babbar Salla da cewa kwanakin ci ne da sha da ambaton Allah. Duka uku ya haɗa. Tambayar ita ce wanne ne zai fara zamewa in aka yi sake.

To, ɗan'uwa Musulmi, kafin ka yi murmushi ka ce wannan ciwon maƙwabta ne, dubi abin da Ramadan ke zama a manyan biranen duniya. A Masar shi ne lokacin da gidajen talbijin ke sakin manyan wasanninsu, kuɗin talla ya yi tashin gwauron zabo, a shirya su daidai lokacin da ake tafiya asham. Manyan otal suna shirya buɗe-baki na alfarma. Ka leƙa irin wannan zaure dab da magariba: tebura jere da abinci kala-kala, kowa ya cika faranti ya tula, waya a hannu ana ɗaukar hoto, ana kiran salla cokula su fara ƙara, bayan rabin awa ma'aikata na kwashe farantan da ba a ci rabinsu ba. A 2023 aka fara ƙawata tsakiyar Landan da fitilun Ramadan. Abin farin ciki ne, an san da mu. Sai dai fitilun a unguwar manyan shaguna aka rataya su, unguwar da ake rataya na Kirsimeti.

Na yarda bikin da ya sauke nauyinsa yana da wani amfani. Maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba zai iya shigowa, ma'aikaci ya samu hutu, dangi su haɗu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ke damuna shi ne wanda ake bari a waje. Bikin addini yana ware wa talaka kasonsa tilas: zakkar fid-da-kai sai an fitar kafin a tafi Idi, naman layya akwai rabon mabuƙaci a ciki, Waliyyi Nikolas na Myra, asalin Baban Kirsimeti, tsohon nan mai jar riga da ake gani a tallan Coca-Cola tun 1931, da taimakon matalauta a ɓoye aka san shi. Bikin kasuwa kuwa da kuɗi ake shiga. Wanda ba shi da su yakan zo ne a matsayin mai aiki, shi ke soya kajin a Tokyo, shi ke share titin Rio da asuba, shi ke kwashe farantan otal ɗin, kuma sau da yawa sai baƙi sun ƙoshi sannan ya zauna ya ci nasa abincin buɗe-bakin.