Ɗago kanka, ɗan'uwa, da kai ake magana

Ranar Talatar da ta wuce mun je gaisuwar rasuwa a Tudun Wada, nan cikin Gusau. Wani dattijo ne ya rasu, maƙwabcin kakanninmu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, duk wanda ya iso sai ya durƙusa a yi addu'a a shafa, sannan ya nemi wuri ya zauna. Wani malami ya ce a yi salati goma ga Annabi, kowa ya buɗe tafin hannu. Kusa da ni akwai wani saurayi da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ashe ma jikan mamacin ne. Hannunsa na hagu yana sama wai yana karɓar addu'a, na dama yana kan cinya, babban yatsa na ta jan fuskar waya sama, sama, sama. Ana tsakiyar Fatiha sai kiɗa ya kufce daga wayar, irin kiɗan nan da ake rawa da shi a TikTok. Ya yi wuf ya danne, amma an riga an ji. Wani tsoho ya waiwayo ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Wanga yaro ɗan wa na?" Ba wanda ya tanka. Kunya ta kama kowa a rumfar ban da mai wayar, domin ba a jima ba kansa ya sake sunkuyawa.

Ƙannena, samari da 'yan mata, da ku nake, kuma don ina son ku ne nake faɗa, ai mai ƙinka ba ya gaya maka gaskiya. Wannan sunkuyon ya ishe ni. Liman ya sallame, kafin a yi istigfari uku hannu ya riga ya kai aljihu. Mai shago yana zaune, ka tsaya a gabansa kana sallama, sai ka maimaita sannan ya ɗago, ya dube ka kamar kai ne ka shiga haƙƙinsa. Ɗan kabu-kabu ya ɗauko matar aure da goyo, hannu ɗaya a kan mashin, ɗaya yana duba saƙo. Uwa tana daga ɗaki tana kira, "Wane! Wane!", ɗan yana zaure yana ji, amma sai bidiyon ya ƙare, kuma bidiyon nan ba ya ƙarewa. A asibiti na ga mai jinya, ruwan da aka ɗaura wa mahaifinsa ya ƙare har jini ya fara biyo robar, shi yana gefen gado yana dariya shi kaɗai. Maƙwabcin gado ne ya kira ma'aikaciyar jinya. Wannan wace irin rayuwa ce, jama'a?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yawancinku kuna zaton ku ne kuke zaɓar abin da kuke kallo. Ku zauna ku yi tunani. Nawa ka taɓa biyan Facebook ko TikTok? Ko sisi. To banza ba ta kai zomo kasuwa. A shekarar 2014 kamfanin Facebook ya sayi WhatsApp a kan kusan dala biliyan 19. Mai zuba irin wannan dukiya ba sadaka ya fito yi ba. Kuɗin waɗannan kamfanoni daga talla suke zuwa, talla kuwa ido take nema, don haka duk daƙiƙar da ka ƙara kana kallo riba ce a wurinsu. Manhajar tana lura da kai: bidiyon da ka tsaya a kansa, wanda ka wuce da sauri, wanda ka maimaita, wanda ka tura wa aboki. Da wannan lissafin take auna abin da za ta miƙo maka na gaba. Ka tsaya kallon zagi sau biyu, gobe za ka tashi ka tarar da zagi jere a gabanka. Kai da ragon da aka turke don layya hali ɗaya ne: ba ya fita kiwo, ba ya zaɓen ciyawa, ana kawo masa dusa da harawa har gabansa, yana ci yana murna, mai turken kuma yana lissafin kuɗin da zai sayar da shi. Hatta wannan jan yatsan da ba shi da iyaka, wani ne ya zauna ya ƙirƙiro shi. Sunansa Aza Raskin, ɗan Amurka, a shekarar 2006, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadamar yadda abin yake cinye lokacin mutane. Wanda ya haƙa rijiyar yana cewa a yi hattara, mu muna rige-rigen faɗawa.

Ba haka karatu a intanet yake ba tun asali. Mu da muka fara da kafe, inda ake sayen awa ɗaya a zauna gaban kwamfuta, mun san wani abu da ake kira Google Reader. Kai da kanka za ka zaɓi jaridu da marubutan da kake son bi, shi kuma ya tattaro maka sabon abin da suka rubuta, a jere bisa lokacin da ya fito. Ba wanda zai cuso maka wani da ba ka gayyata ba. Ka karanta, ka gama, ya nuna maka babu saura, ka tashi ka kama harkar gabanka. A ranar 1 ga Yuli, 2013 kamfanin Google ya rufe shi, masu amfani da shi da yawa suka koma wani mai suna Feedly, wanda yana nan har yau ga mai so. Amma jama'a sun riga sun karkata ga inda ake ba su a baki. Haka rediyo take a wurin iyayenmu. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake watsa shirye-shirye, kuma shiri yana da lokacin farawa da na ƙarewa. Dattijai su kewaye akwatin rediyo, a ji labarin duniya, a kashe, sannan a tattauna, wannan ya ce kaza wancan ya musa. Mutum yana da lokacin da zai tauna abin da ya ji. Ku kuwa haɗiya kawai kuke yi. Tambayi saurayi bidiyo nawa ya kalla daren jiya, ba zai iya ƙirgawa ba. Ce masa ya faɗi uku daga ciki, sai ya hau susar ƙeya.

Sai kuma wata dabarar yaudarar kai da na ga ta yi yawa. Wani zai zo maka da fara'a ya ce, "Yaya, ai ni na goge Facebook, ɓata lokaci ne." Ka ce madalla. Bayan mako ka same shi a TikTok, ya ninka sunkuyon da yake yi da. An gudu ba a tsira ba. Mun ga zamanin 2go, lokacin da samari suke kwana suna hira don tauraronsu ya ƙaru. Mun ga na BlackBerry da neman lambar fin. Aka dawo Facebook, aka wuce Instagram, yanzu ga TikTok, gobe ma wani zai fito. Kowane lokaci ana cewa wannan ya fi wancan, alhali tuwo ne ake sauya wa suna. Wuyan dai shi ne a lanƙwashe, yatsan shi ne yake ja. Da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, har zuwa Janairun 2022, yaran da ba su taɓa koyon rubuta takardar neman aiki ba cikin kwana ɗaya suka ƙware a VPN, manhajar da ake zagaye toshewar da ita a shiga. Ashe ƙwaƙwalwar tana nan, inda ake kai ta ne matsalar. Sabo turken wawa.

Mu mutanen Zamfara ma ai an taɓa gwada mu da abin da wasu ba su gani ba. A farkon Satumbar 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su katse sabis a duk faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Sai da aka shiga Oktoba sannan na Gusau ya dawo, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka kai wajen ƙarshen Nuwamba. An sha wuya, wannan ba abin musu ba ne. Masu POS sun zauna, ciniki ya tsaya, mai ɗa a makarantar nesa ba ya jin ɗuriyarsa, mutane suna hawa mota zuwa wata jiha don kiran waya ɗaya, wasu suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha. Ba na fatan Allah ya maimaita mana. Amma ku tuna abin da idonku ya gani a makonnin nan. Majalisu sun cika bayan la'asar. Wanda yake son ganin ɗan'uwansa ya taka ya je. Yara sun fito wasa. Aka kuma gane waɗanda abin ya yi wa katutu: saurayi yana yawo da waya a hannu, babu sabis, amma yana ta kunna ta yana kashewa, yana ɗaga ta sama ko Allah zai sa layi ɗaya ya fito. Na ɗauka wannan darasin zai zauna mana. Ina! Ranar da sabis ya dawo, kawuna suka koma ƙasa kamar an busa usur.

Je ka rumfar mai cajin waya a unguwarku ka tsaya minti goma. Janareta na ƙara, allon katako cike da soket, wayoyi jere kowace da 'yar takardar lamba a manne. Ga benci, ga samari a kai. Sun biya kuɗin caji, amma sun kasa tafiya su bar wayar ta cika. Wani yana tsugune jikin allon, wayar tana jone, igiyar gajera ce, shi ya sa ya lanƙwasa wuya har haɓarsa tana taɓa ƙirji, hayaƙin janareta na shiga masa hanci, bai damu ba. Kuɗin data kuwa, tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, na zaci za a rage. Sai ga shi wanda bai kawo wa uwarsa ko sabulu ba a wata, bai taɓa kwana babu data ba. Kada ma a yi maganar masu cacar ƙwallo, waɗanda suke kiran haramun da sunan "wasa", ko shekarar 2024 da gari ya rikice da mainin, wato dannan waya don tara kuɗin kirifto, manya da yara har da masu gemu suna ta dannan hoton wani ɓera a Hamster Kombat, ana jiran arzikin dare ɗaya. Da ranar rabon ta zo kowa ya ga abin da ya samu. Tusa dai ba ta hura wuta.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tura abin da ba a tantance ba. Jiharmu tana cikin jarrabawa, kowa ya sani. A kai hari a ƙauye, kafin dangi su ji ta bakin mutum mai hankali da zai lallashe su, hoton gawar ɗansu ya riga ya zaga waya ɗari. Ina mutuncin mamaci? Ina tausayin uwarsa? Wani lokacin ma hoton tsoho ne, ko na wata ƙasa, wani ya liƙa masa sunan garinmu, kai kuma ka tura ba ka tambaya ba, ka tayar da hankalin matafiya da masu 'yan'uwa a can. Allah ya ce a cikin Suratul Hujurat idan fasiƙi ya zo da labari a bincika. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Yatsan da ya saba ja ba tare da tunani ba, shi ne dai yake turawa ba tare da tunani ba.

Na san amsar da za ku ba ni: "Ai karatu nake yi da ita, ai kasuwanci nake yi." Akwai masu yin hakan da gaske, na san su, Allah ya ƙara musu albarka. Akwai yarinyar da take sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp tana rufa wa gidansu asiri, akwai ɗalibin da yake sauraren tafsiri. Irin waɗannan za ka gan su suna ajiye wayar idan babba ya shigo. Kai da kake fakewa da su, faɗa mini sunan malami ko marubuci ɗaya da kai ka neme shi da kanka, kake bin karatunsa daga farko zuwa ƙarshe. A ƙasar nan tamu aka yi Malam Abdullahin Gwandu, wanda ya rubuta tafsirin Alƙur'ani sukutum da alƙalamin kara da tawada, ga ɗawainiyar jama'a a kansa. Jikokin almajiransa ne yau ba sa iya karanta shafi biyu ba su leƙa waya ba. Lafiya da sararin lokaci ni'imomi biyu ne da hadisi ya ce mutane da yawa suna hasara a cikinsu, kuma ku ne kuke da su a yanzu.

Ku dai ji tsoron Allah, ku yi wa kanku faɗa, ku san lokacin da ya dace da wanda bai dace ba. Iyaye su sa ido, malamai su riƙa taɓo maganar a huɗuba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda bai ji bari ba kuma zai ji hoho.

Da can yaro ba ya wuce babba a tsaye, sai ya cire takalmi ya durƙusa, kuma ba ya tashi sai an gama tambayarsa mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ranar Juma'a bayan an sauko, a ɗauki yara a zaga gidan kawu, gidan gwaggo, gidan inna, domin zumunta a ƙafa take. Yau an mayar da ita hoton fure mai rubutun "Juma'a Mubarak" da ake tura wa mutum hamsin lokaci guda. Barka da haihuwa a waya, jaje a waya, ta'aziyya a waya, alhali gidan yana bayan layinku. Akwai yara a unguwarmu da suka kai shekara goma ba su san hanyar gidan gwaggonsu ba, amma ɗan shekara uku ya iya buɗe YouTube, don uwarsa ce take miƙa masa wayar ya yi shiru, ita ma ta samu ta koma kan tata.