Kafin ka tura wa yaro katun ɗin Japan

Wata rana da yamma ina zaune a shagon tura fina-finai na unguwarmu, sai ga yaro ya shigo riƙe da wayar mahaifiyarsa. Bai fi shekara tara ba. Ya miƙa kuɗi ya ce, "Umma ta ce a sa mana katun." Mai shagon, matashi ne mai ladabi da na daɗe da sani, ya tambaye shi, "Na faɗa ko na dariya?" Yaro ya ce na faɗa. Nan take ya juya kan kwamfuta ya fara tura masa Attack on Titan. Na ce, "Malam, ka taɓa kallon wannan kuwa?" Ya ce bai kalla ba, amma samari na yawan nemansa, kuma ai katun ne.

A kashin farko na wannan shiri, wani ƙaton dodo mai siffar mutum yana ɗaga mahaifiyar jarumin labarin ya cinye ta, ɗanta na kallo yana kururuwa. Abin da za a kai wa Umma ke nan, ta miƙa wa yara ta shiga kicin hankalinta kwance.

Wannan "ai katun ne" ita ce matsalar, kuma ba laifin mai shago kaɗai ba ne. Mu da muka tashi a gaban talabijin ɗin NTA mun saba da Tom and Jerry da Voltron, sai muka riƙe cewa duk abin da aka zana na yara ne. Da yawanmu ba mu san cewa Voltron, wanda ya fito a Amurka a 1984, daga wani shirin Japan mai suna GoLion aka ɗauko shi ba, kuma sai da aka datse jini da kashe-kashen da ke cikinsa kafin a nuna wa yara. Tatacce muka sha. Yaran yau kuwa kai tsaye suke ɗebowa daga Telegram da YouTube, babu wanda ya tace musu.

A Japan zane hanya ce ta ba da labari kamar kowace, ba rukunin shekaru ba. Da yawa daga cikin shirye-shiryen anime, wato katun ɗin Japan, daga littattafan zane da ake kira manga suke fitowa, kuma mujallun da ke buga su sun rarrabu: shonen na samari ƙanana, shojo na 'yan mata, seinen na manyan maza, josei na manyan mata. Mujallar Weekly Shonen Jump, wadda aka fara bugawa a 1968, ita ta fito da Dragon Ball da Naruto da One Piece. Sai dai ko wannan rabon ba ma'auninmu ba ne. Death Note, labarin ɗalibin da ya tsinci littafin da duk wanda aka rubuta sunansa a ciki zai mutu, a wannan mujallar ta samari ya fito. Shi ma Attack on Titan a mujallar samari aka buga shi daga 2009 zuwa 2021. Abin da iyaye a Tokyo suka yarda ɗan shekara goma sha uku ya karanta ba lallai ne uwa a Kano ko Damagaram ta yarda da shi ba.

Ba ina cikin masu cewa a hana kallon anime gaba ɗaya ba. Na ji masu wannan ra'ayi, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce. Akwai shirye-shiryen da ke cike da gumaka da abin da suke kira allolin mutuwa, akwai waɗanda ake cusa tsiraici a cikinsu ba tare da labarin ya buƙaci haka ba, don kawai a ja idon samari. Amma wa zai yi hanin? Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya tsayar da mai shirya fim a Kano, ba ta iya tsayar da abin da ke yawo daga waya zuwa waya ta Xender a bayan aji. Tacewar da ta rage mana ita ce bakin wanda ke cewa "kalli wannan". Shi ya sa nake ganin ba da shawarar kallo amana ce, kuma muna wasa da ita.

Ku saurari yadda muke yin ta. "Wallahi ya haɗu." "Wuta ne." "Kada ka bari a ba ka labari." Shi ke nan. Ba a faɗi na wa ne ba, ba a faɗi me ke ciki ba, wani lokaci ma mai yabon kashi uku kacal ya gani. Idan maganar Labarina ce ko Izzar So ko Daɗin Kowa, wannan gajeren yabo ba ya cutarwa sosai, domin harshenmu ne, al'adarmu ce. Dattijuwa na wucewa ta falo za ta ji abin da ake faɗa ta san ko ya dace. Har musu muke yi a kansu a majalisa da gidan biki, mu ce wane bai kyauta ba, wance ta cika son kai. Anime kuwa murya da Japananci, fassara da Turanci a ƙasan allo tana gudu, hoto kuma na zane mai manyan idanu. Uba zai leƙa ya ga launi mai kyau ya wuce. Wanda ya kalla ne kaɗai ya san abin da ke ciki, idan ya yi shiru babu mai faɗa.

Akwai kuma abin da kusan ba mai ambata: tsawo. Naruto da ci gabansa Shippuden kashi 720 ne, daga 2002 zuwa 2017. Idan ka lissafa kowane kashi a minti 23, ka haura awa 270. One Piece tun 1999 ake nuna shi, ya wuce kashi dubu tun 2021. Wanda ya ce wa ɗalibin da jarrabawar WAEC ke gabansa da wata biyu ya fara ɗaya daga cikin waɗannan bai yi masa adalci ba, ko da labarin na zinare ne. An gina su ne yadda kowane kashi zai ƙare a daidai inda ba za ka iya ajiye waya ba. Wannan ba halin Japan kaɗai ba ne. Diriliş: Ertuğrul na Turkiyya kashi 150 ne a asalinsa, kowanne kusan awa biyu, kuma mun san gidajen da aka riƙa raba dare a kansa. Jumong na Koriya ta Kudu kashi 81. Shi kuwa Squid Game da ya fito a 2021 gajere ne, kashi tara a zangon farko, amma ya yaudari iyaye ta wata fuskar: wasannin yara ne a sama, harbe mutane a ƙasa.

To me zan ba da shawara a kai, tunda na ɗora wa wasu nauyi? Ga ƙananan yara, My Neighbor Totoro na Hayao Miyazaki, 1988: 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya da suka koma ƙauye yayin da mahaifiyarsu ke kwance a asibiti. Babu jini, babu mugu, sai dai akwai halittun daji na tatsuniyar Japan, don haka ka zauna kusa ka yi musu bayani kamar yadda za ka yi a kan Gizo da Ƙoƙi. Ga mai son ƙwallo, Captain Tsubasa, wanda Larabawa suka sani da Kaftin Majid. Ga ɗan sakandare, na fi son Haikyu, labarin wani gajeren yaro da ya nace sai ya yi wasan ƙwallon raga. Abin da ke cikinsa atisaye ne, da shan kaye, da koyon aiki da abokin da ba ka jituwa da shi. Death Note kashi 37 ne, kuma yana da kyau ƙwarai ga babban mutum da ke son ganin yadda mai ikon kisa ke fara da cewa gyara zai yi, ya ƙare yana ɗaukar kansa ubangiji. Ba zan ba ɗan ƙasa da shekara goma sha shida ba.

Mai shagon nan ya goge abin da ya fara turawa, ya sa wa yaron wani daban. Roƙona gare shi da 'yan uwansa masu wannan sana'a ba mai wahala ba ne: su ware katun gida biyu a kwamfutarsu, na yara da na manya, kuma kada su jefa shiri a gidan yara sai wani da ya kalle shi har ƙarshe ya tabbatar.

Akwai fim ɗaya da nake so manya su nema don kansu. Grave of the Fireflies na Isao Takahata, shi ma 1988 ya fito. Labarin wani yaro ne da ƙanwarsa 'yar shekara huɗu a birnin Kobe a 1945, bayan jiragen Amurka sun ƙone garin, mahaifiyarsu ta rasu, 'yar uwar da ta karɓe su ta fara ƙirga musu loma. Duk wanda ya ga yaran da rikici ya koro daga ƙauyukan Borno ko Zamfara suna yawo da roba a bakin titi zai gane waɗannan yara biyu tun kafin a faɗi sunansu. Bai kai awa ɗaya da rabi ba sosai, kuma zane ne daga farko har ƙarshe. A kalle shi bayan yara sun yi barci.