Karatun kimiyya na shekara biyu ba faɗuwa ba ne

Duk shekara in sakamakon konkur, wato jarrabawar shiga makarantar likitanci, ya fito, gidaje da yawa a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, sai su yi tsit kamar an yi rasuwa. Yaro ya ci Bak, jarrabawar gama sakandare, a seri D ko C, wato ɓangaren kimiyya, bai samu gurbi ba, shi ke nan a idon iyaye kimiyya ta ƙare. Namiji a tura shi rumfar kasuwa, mace a fara maganar aure. In ka kawo shawarar DUT ko BTS, wato karatun shekara biyu bayan Bak, sai uba ya ce maka ai wannan ƙaramin karatu ne. Maganar nan tana damuna ƙwarai.

Ranka ya daɗe Alhaji, ran da zazzaɓi ya kwantar da jikanka a damina, wa ya ga ƙwayar cutar da idonsa? Ma'aikacin labo ne, wato ɗakin gwaje-gwaje. Shi ya tsaga yatsan yaron, ya ɗiga jini a kan gilashi, ya baza shi, ya jira ya bushe, ya zuba rinin Giemsa, sannan ya sunkuya a kan maikiroskob yana ƙirga ƙwayoyin. Idan rinin ya yi kauri ko hannun bai goge ba, sakamako ya ɓaci, kuma a kan wannan takardar likita zai rubuta magani.

Wuraren da ke buƙatar irin wannan hannu suna nan kusa da mu. LANAVET, labon dabbobi na ƙasa da ke Bokle, bakin Garwa, tun 1983 aka kafa ta, can ake haɗa allurar rigakafin dabbobi, har da ta ciwon huhun shanu. Man Diamaor da muke suya da shi, sai an auna ingancinsa a matatun Sodecoton, kamfanin auduga, kafin ya shigo kasuwa. Injinan madatsar Lagdo suna son masu fahimtar lantarki, haka ma famfunan sola da suka bazu a ƙauyuka, waɗanda ƙaramar matsala ke kashewa a rasa mai gyara. IUT, cibiyar fasaha ta Jami'ar Ngaundare, tana horar da irin waɗannan matasa a fannin nazarin halittu, sarrafa abinci da kula da injina. Wanda ya gama kuma ƙofa a buɗe take, yana iya ƙara shekara guda ya samu lisans, wato digiri na farko.

Sai dai ba kowace makaranta mai allo a bakin titi zan ce a kai yaro ba. Akwai masu zaman kansu da ke karɓar kuɗin iyaye, ɗalibi ya shekara biyu yana kwafar zanen ƙwayar halitta daga allo, bai taɓa juya maikiroskob da hannunsa ba. Wallahi wannan zalunci ne, domin ran da ya je neman aiki, gwaji za a ajiye masa a gaba.

Saboda haka kafin ku biya ko sisi, ku taka da ƙafarku. Ku ce a buɗe muku labo. Ku duba ko maikiroskob ɗin na aiki, ko akwai ruwa a famfo, ko kwalaben sinadarai ba fanko ba ne. Ku tari ɗaliban shekara ta biyu a waje, ba a gaban darakta ba, ku tambaye su sau nawa suke TP, wato darasin gwaji da hannu, a mako da inda aka tura su sitaj, wato koyon aiki, bara. Ku kuma nemi ganin takardar izini daga ma'aikatar ilimi mai zurfi, ta ainihin fannin da yaronku zai karanta.