Manhaja Ba Ta Gaya Maka Ka Yi Kuskure

'Yan uwana matasa, musamman ƙannena da suka yi rajista a ajin yamma domin koyon zanen taswira da kwamfuta, ina so in gaya muku abin da da na sani tun farko da ban ɓata makonni da yawa ba. Ni ma na zauna a irin wannan aji, ina tashi daga wajen aiki da gajiya a jikina, ina sauri kada in tarar an fara darasi. Na shiga da tunanin cewa ilimin gaba ɗayansa bai wuce sanin inda kowane maɓalli yake ba, ina ganin da zarar na haddace wuraren da ake latsawa to na zama gwani. Wannan tunanin shi ne ya fi cutar da ni, kuma ina ganin alamarsa a wajen da yawa daga cikinku.

A mako na biyu malaminmu ya ba mu wani jadawali mai ɗauke da wuraren rijiyoyi, kowace rijiya da lambobinta guda biyu, ya ce mu ɗora su a kan taswira a manhajar QGIS. Na yi komai daidai da yadda ya nuna a allo, ɗigo-ɗigo suka bayyana, na ji daɗi har na ɗaga hannu ina sanar da cewa na gama. Malam ya zo ya tsaya a bayana, ya ce in saka hoton ƙasa a ƙarƙashin ɗigon nan nawa mu ga inda suka faɗa. Da na saka, sai ga rijiyoyina zube a wata ƙasa dabam wadda ba ta da wata alaƙa da aikin, uku daga cikinsu kuma suna tsakiyar teku. Na musanya lambobin ne. Mun saba a baki mu fara ambaton latitud (nisan wuri arewa ko kudu) kafin longitud (nisansa gabas ko yamma), amma manhaja tana neman longitud a gurbin X, latitud kuma a gurbin Y. Ukun da suka faɗa teku kuwa sifili aka cika a gurabensu saboda wanda ya tattara bayanan bai samu lambobinsu ba, sifili da sifili kuma wuri ne na gaske a cikin Tekun Atilantika, a mashigin ruwan Gini, inda layin ikwaita ya haɗu da layin sifilin longitud da ya ratsa Greenwich a Landan. Masu wannan sana'a sun sha ganin bayanai na tattaruwa a can har suka raɗa wa wurin suna don barkwanci, suna kiransa Null Island, alhali babu ko tudun yashi a wajen.

Abin da nake so ku lura da shi a nan shi ne kwamfutar ba ta yi mini gargaɗi ko ɗaya ba. Ba ta nuna jan rubutu ba, ba ta tsaya ba, ta karɓi abin da na ba ta ta zana shi tsaf. Da malam bai zo ba, da na ƙawata taswirar da launuka, na sa mata take da alamar arewa, na miƙa ina alfahari. Taswira irin wannan kyan ɗan maciji gare ta, domin duk wanda ya kalle ta zai gaskata ta. Mutane suna musu da magana, suna musu da rubutu, amma ba kasafai suke musu da taswira ba.

Saboda haka ina roƙonku ku ba darasin tsarin lambobin wuri haƙƙinsa, duk da na san shi ne darasin da ya fi sa barci a ajin yamma. Duniya dunƙulalliya ce, allon kwamfuta kuwa shimfiɗaɗɗe ne, kuma babu wata dabara ta baje dunƙulallen abu a shimfiɗe ba tare da an ja wani sashe an matse wani ba. Kowane salon bajewa yana kare wani abu ya sadaukar da wani. Salon da Gerardus Mercator ya fitar a 1569 yana kare kusurwa, shi ya sa matuƙa jiragen ruwa suka rungume shi, amma yana kumbura ƙasashen da ke nesa da ikwaita, har tsibirin Girinland ya yi kama da girman Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Taswirorin da muke gani a intanet yawancinsu wani reshe ne na wannan salon. Wanda ya auna faɗin ƙasa a kansu ba tare da lura ba ya auna ƙarya.

Ni kaina sai da na sake faɗawa wani ramin kafin in fahimta. An ce mu zana da'irar mita 500 kewaye da kowace rijiya domin a ga gidajen da ke kusa da ruwa. Na rubuta 500 na latsa, sai allona gaba ɗaya ya rine da launi guda. Bayanaina suna kan tsarin lambobin wuri mai suna WGS 84, wanda ma'auninsa digiri ne ba mita ba. Digiri ɗaya na latitud ya kai kusan kilomita 111, ni kuwa na nemi guda 500, wato na zana da'irar da ta fi duniyar kanta faɗi. Digirin longitud ma ya fi rikitarwa, domin yana ƙanƙancewa yayin da ake nisa da ikwaita har ya koma babu a ƙuryar arewa da ta kudu. Maganin shi ne a fara juya bayanan zuwa tsarin da ke aunawa da mita, kamar UTM, wanda ya yanka duniya gida 60, kowane gida faɗinsa digiri 6, kuma dole ka san a wane gida aikinka yake. Akwai kuma bambanci babba tsakanin juya bayanai zuwa sabon tsari da liƙa musu sunan wani tsari kawai. Na biyun tamkar canja lamba ne a ƙofar gida ka ce gidan ya tashi ya koma wata unguwa. Ɗalibai da yawa suna yin na biyun suna zaton sun yi na farko, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Wani abin da ya kamata ya sanyaya mana gwiwa wajen taƙama da manhaja shi ne tarihin sana'ar kanta. A 1854 annobar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan, ta kashe mutane fiye da 600. Likita John Snow ya bi gidaje yana tambayar inda mamatan suke ɗiban ruwa, ya kuma zana taswirar da ta nuna yadda mace-macen suka taru kewaye da famfon titin Broad. Ba shi da kwamfuta, ba shi da tauraron ɗan'adam, amma yana da tambaya bayyananniya kuma ya taka da ƙafarsa ya tabbatar da bayanansa. Sai bayan fiye da shekara 100, a shekarun 1960, Roger Tomlinson ya jagoranci gina tsarin farko na sarrafa bayanan ƙasa da kwamfuta a Kanada, domin ƙididdige filayen ƙasar da amfanin da za a iya yi da su. A duka biyun tambaya ce ta zo kafin kayan aiki. Mu kuma a aji mukan buɗe manhaja tukuna, sannan mu fara lalube ko akwai abin da za mu tambaya. Kafin ka kunna kwamfuta, ɗan'uwa, rubuta a takarda cikin jimla ɗaya abin da kake so taswirar ta amsa, da wanda zai karanta ta, da shawarar da zai yanke a kanta.

Game da adana aiki ba zan tsawaita ba, amma na yi asarar aikin mako guda a kansa. Fayil ɗin aikin QGIS ba ya ɗauke da bayananka a cikinsa, hanyar zuwa gare su kawai yake riƙewa, don haka idan ka kwafe shi shi kaɗai zuwa wata kwamfuta za ka buɗe ka tarar da fanko. Haka nan abin da ake kira shapefile ba fayil ɗaya ba ne, aƙalla uku ne da ba sa rabuwa, wato .shp da .shx da .dbf, ga kuma .prj mai riƙe da tsarin lambobin wurin, kuma yana datse sunan kowane shafi na jadawali ya bar haruffa 10 kacal. Ku tara komai a jaka ɗaya, ku ba fayilolinku sunaye masu ma'ana, ku kuma saba da GeoPackage wanda ke haɗa komai a fayil guda.

Inda na fi jin tsoro a kanku shi ne wajen launi. Da zarar ɗalibi ya iya rina yankuna da launuka daga haske zuwa duhu, sai ya riƙa rina duk abin da ya samu. A ce an ba ka adadin masu wata cuta a yankuna daban-daban, ka rina yankin da ya fi yawan masu cutar da ja mai duhu. Abin da ka zana a mafi yawan lokuta taswirar yawan jama'a ce kawai, domin inda mutane suka fi yawa nan marasa lafiya za su fi yawa. Yankin da ke da mutum 100,000 da marasa lafiya 200 ya fi wanda ke da mutum 5,000 da marasa lafiya 50 sauƙin hali, domin na farko mutum 2 ne cikin kowane 1,000, na biyu kuwa mutum 10 ne, amma taswirarka za ta nuna akasin haka, kuma mai rabon magani zai bi abin da ya gani. Ko yadda ka raba azuzuwan launin ma yana iya sauya labarin gaba ɗaya, bayanai iri ɗaya su fito da taswira biyu masu saɓa wa juna. Manhaja tana zaɓa maka rabon da kanta idan ba ka ce komai ba, kuma karɓar zaɓinta ido rufe ba ya ɗauke maka alhaki.

Daga nan ne batun amana ya shigo. Bayanan wuri suna nuna ƙofar gidan mutum, ko da an goge sunansa daga jadawali. Idan aka ba ku bayanan marasa lafiya ko na wasu masu rauni domin gwaji ko aiki, kada ku wallafa ɗigon da ke kan gidajensu don a yaba muku a shafukan sada zumunta, ku tattara su a matakin yanki. Kuma kowace taswira da kuka fitar ku rubuta a jikinta inda bayanan suka fito da shekarar da aka tattara su. Hoton tauraron ɗan'adam na Landsat, wanda jerinsa ya fara aiki tun 1972, kowane ƙwayar ɗigonsa a yawancin launukansa mita 30 ne a ƙasa, na Sentinel-2 kuwa yana kaiwa mita 10. Wanda ya ce ya shata iyakar ƙaramin fili da irin wannan hoton ya faɗi abin da hoton ba zai iya ba shi ba. Wayar hannu ma a sarari takan yi kuskuren 'yan mitoci, tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin bishiyoyi kuwa kuskuren ya fi haka.

Ajin yamma yana da tarkonsa na musamman. Lokacin kaɗan ne, kowa a gajiye yake, malam yana latsawa a allo mu kuma muna bin sa kamar masu amshi, a ƙarshe kowa ya samu sakamako iri ɗaya ya tafi gida yana jin ya iya. Gwajin gaskiya shi ne ka zauna kai kaɗai washegari, da wasu bayanai dabam, ka sake yin aikin ba tare da kallon littafinka ba. A karon farko da na gwada haka ban wuce mataki na uku ba. Uzurin rashin manhaja kuma ba ya nan, domin QGIS, wadda Gary Sherman ya fara a 2002, kyauta ce ga kowa kuma tana aiki a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi. Kada ku je neman satacciyar ArcGIS, wata manhajar taswira, don kun ji manyan ma'aikatu na amfani da ita. Wanda ya fahimci tushen aikin a ɗaya ba zai sha wahalar komawa ɗayar ba, domin sunayen maɓallai ne suka bambanta. Ku kuma daina jin kunyar tambaya a gaban waɗanda kuka girma. A ajinmu wata baiwar Allah da ta fi kowa yawan cewa malam a maimaita ita ce ta fi kowa iya aiki a ƙarshe, mu da muke gyaɗa kai don kada a raina mu muka koma neman taimakonta.

Idan kuna neman wajen gwada hannu da bayanan gaske, ga OpenStreetMap nan, wadda Steve Coast ya kafa a 2004, taswirar duniya da masu sa kai ke ginawa. Bayan girgizar ƙasar Haiti a watan Janairun 2010, masu sa kai daga ƙasashe da dama sun zana titunan birnin Port-au-Prince daga hotunan tauraron ɗan'adam cikin 'yan kwanaki, ma'aikatan agaji kuma suka yi amfani da ita. Sai dai ku tuna abin da kuka zana a can kowa zai gani kuma wani zai dogara da shi, don haka ba fagen wasa ba ne, kada ku sa hanyar da ba ku tabbatar da ita ba.

Aikinmu na ƙarshe a ajin shi ne mu koma kan rijiyoyin nan na mako na biyu mu fitar da taswirar gidajen da suka yi nisa da ruwa. Wannan karon na gyara lambobin, na juya tsarin zuwa mita, na duba komai sau biyu, taswirar ta fito yadda ake so. Malam ya kalle ta ya ce ba zai sa hannu ba sai na zaɓi rijiyoyi goma na je na gan su da idona. Raina bai so ba, amma na ɗauki waya da takarda na tafi ranar hutu. Bakwai na same su a inda taswira ta ce. Ɗaya tana ƙetaren wani kwari da da'irata ta mita 500 ta tsallake kamar babu shi, alhali mai ɗiban ruwa sai ya yi dogon zagaye kafin ya kai gare ta. Biyu kuwa sun daɗe da ƙafewa, ɗaya ma an rufe bakinta da siminti, ga shi na rina gidajen da ke kewaye da su da shuɗi, alamar cewa suna da ruwa a kusa. Na koma aji ranar Litinin na buɗe jadawalin, na ƙara sabon shafi mai suna halin rijiya, na fara aikin daga farko.