Tankin Chiba ya cika sharuɗɗa, amma ya faɗi

Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta afka wa Japan. Hankalin duniya ya koma hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima, shi ya sa ba kowa ke tuna matatar mai ta kamfanin Cosmo Oil da ke Ichihara a lardin Chiba ba. A can wani tankin iskar gas ya rushe, ya farfasa bututun da ke kusa, wuta ta cinye tankuna 17, kuma sai da ta kwana goma tana ci.

Abin mamaki, an gina tankin bisa ƙa'idar jure girgiza. Sai dai a ranar ba gas ne a cikinsa ba. An cika shi da ruwa saboda aikin dubawa, ruwa kuwa ya kusa ninka gas a nauyi. Girgizar farko ta karya ƙarafan da ke ɗaure ƙafafunsa, wadda ta biyo baya bayan kamar rabin sa'a ta kayar da shi. Bawul ɗin da ya kamata ya datse gas da kansa kuma an riga an kafe shi a buɗe.

Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa takardar shaidar injiniya ta wadatar ba. Lissafin da ke takarda na tanki ne a ranar da komai ke tafiya daidai. Girgiza ba ta tambayar ko ana gyara.

Ko abin da ke cikin tankin ma yana da nasa halin. Duk wanda ya taɓa ɗauko bokiti cike da ruwa ya san yadda yake tangal-tangal. A 2003, a matatar mai ta Idemitsu da ke Tomakomai a Japan, mai nisan sama da kilomita 200 daga cibiyar girgizar Tokachi, irin wannan kaɗawar ce ta lalata murfin wani tanki da ke yawo a saman man, ya nutse, bayan kwana biyu wuta ta tashi. Kaurin bangon tanki bai hana hakan. Ana bukatar a bar sarari a sama, a ƙarfafa murfi, a sa mahaɗar bututu mai lanƙwasa.

Masu masana'antu za su ce gyaran tsofaffin tankuna na cin kuɗi, kuma gaskiyarsu ne, don sai an tsayar da aiki. To amma ai tsofaffin su ne suka fi yawa. A girgizar Izmit ta Turkiyya a 1999, matatar Tüpraş ta yi kwanaki tana ci da wuta, masana'antar AKSA da ke Yalova kuma ta tsiyayar da kimanin tan 6,500 na wani sinadari mai guba, har aka kwashe mazauna yankin.

Don haka dokar da ta tsaya kan sabbin tankuna kaɗai ba ta isa ba. A sa wa tsofaffi wa'adin gyara, a ƙayyade kwanakin da tankin gas zai zauna da ruwa a ciki, kuma sufeto ya duba bawul da idonsa.