Awa ɗaya muka saya, ba wuni guda ba

Masu cewa a yi wa kamfanin jirgin saman nan uzuri kan jinkirin da ya yi wa fasinjojin Kano zuwa Abuja jiya, ban yarda da ku ba. Ka sayar wa mutum tikitin ƙarfe goma na safe, ka shanya shi a kan kujera har bayan Magariba, sannan ka turo masa saƙon waya na layi biyu? Wannan wulaƙanci ne tsagwaronsa.

Kano zuwa Abuja ta sama bai kai kilomita 400 ba. Daga tashi zuwa sauka, da ƙyar ake cika awa ɗaya. Wannan awa ɗayar ita mutum ya zuba kuɗinsa ya saya. Lokaci ya saya, jama'a, lokaci! Zaman da bayin Allahn nan suka yi, da jirgin Jidda suka hau da tuni sun sauka, tunda kimanin awa biyar ne daga Kano. Wanda ya kama hanyar Zariya da Kaduna a mota da safe, duk da aikin titin da ake ta fama da shi tun 2018, ya riga su shiga Abuja. Su kuwa ko sun sauka, akwai sauran kusan kilomita 40 kafin cikin gari.

Wani ya ce hazo ne. Jiya gari garau yake, jiragen wasu kamfanoni sun tashi a kan idon kowa. Wani ya ce man jirgi ya yi tsada. Ai a kuɗin tikiti aka ɗora mana. Masu cewa gara jinkiri da haɗari kuma, wa ya ce a tashi da jirgi marar lafiya? Cewa muka yi a faɗi gaskiya da wuri, mai uzuri ya nemi wata hanya. Abin da ke faruwa sananne ne: jirgi ɗaya ake ɗora wa Legas, Abuja, Kano da Fatakwal a rana guda. Ya makara da asuba, shi ke nan, kowa ya makara har dare. Sun sani tun safe, amma sai su yi ta cewa saura kaɗan.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, tana da ƙa'ida a kan tafiyar cikin gida. Jinkiri ya kai awa biyu, a ba ka abin taɓawa. Ya kai awa uku, kana da ikon karɓar kuɗinka. Dare ya raba, a kama maka masauki. Mutum nawa ne suka nema jiya? Mun saba da cewa haka Allah ya so, mu yi shiru. Na yarda da ƙaddara, amma mai ganin likita da ya rasa ranarsa, da yarinyar da ta rasa intabiyu, lokacinsu aka cinye, kuma haƙƙi ne a wuyan wani.

Sannan don Allah a riƙa yin sanarwa da Hausa. A Kano, garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya tun 1925, a ce tsohuwa sai ta bi mutane tana tambayar me aka ce a lasifika? Matasan da ke jin Turanci, in kun ga dattijo yana waige-waige, ku matsa ku fassara masa.